Ba a Ce Ƙurunƙus Ba

Ƙaurin fim ɗin da ya ƙone ne har yau bai bar hancina ba. Ina shekara bakwai Goggo, yayar babana, ta kai ni Sabon Gari, gidan wani mai shago da ya sayo majigi daga Ikko. Da la'asar ne, an toshe tagogi da buhuna.

A jikin bango wata 'yar tsana ta katako tana tafiya, ta taka ta tsaya, kamar ana jan ta. Wata tsohuwa mai dogayen yatsu ta biyo ta har gida, ta kama ƙofa, ta soma turawa. Nan fim ɗin ya narke, bango ya yi fari.

Goggo ta damƙe hannuna. "Tatsuniya da rana, kuma ba a ce ƙurunƙus ba?"

Na ce, "Goggo, ke ki ce mana."

"Wanda ya buɗe shi ke rufewa, 'yar nan."

Mai shagon bai san al'adar ba, dariya kawai ya yi.

Yau har jikoki gare ni. Amma da na ga ƙofa ta ɗan buɗe, yatsun nan nake jira.