Muryar da ke cikin rediyon Alhaji

Sau uku Hajiya Rekiya na tashi daga bencin shagon tana komawa. Ɗayyabu mai gyaran rediyon mota ya zura rabin jikinsa ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

Gobe da hantsi za a raba gadon mijinta, Alhaji Labaran, a Kurfi. Dangi sun sa gonar rani ta bakin dam ɗin Zobe cikin kayan rabo. Ita kuwa ta rantse tun yana da rai ya ba ta gonar kyauta. Aka ce ta kawo takarda, babu. Aka ce shaida, ta ce shaidarta na cikin mota.

Ba wasa take ba. Sati biyu kafin rasuwarsa, a hanyar Wurma, Alhaji ya tsayar da motar ya ce ta saurara. Ya latsa wani abu, sai ga muryarsa daga sifikun ƙofa yana faɗin sunanta da iyakokin gonar, har bishiyar mangwaron da ke gabas. Da kunnenta ta ji. Tun ranar ta sa a ranta cewa maganar na ajiye cikin rediyon, kuma ba wanda ba ta faɗa wa haka ba a zaman makoki.

Sai dai kwana uku da rasuwar, rediyon ya mutu murus.

Cikin dangin mijin kaf, Sodangi ƙanensa ne kawai bai taɓa ɗaga mata murya ba. Shi ke tare da Alhaji ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin ruwa, shi ya kawo gawar, shi ya ba da labarin wayar hannun marigayin ta sulluɓe cikin dam. Tun daga nan shi ke tuƙa ta duk inda za ta. Da ta yi maganar gyara, ya ce ɓera ne ya yi ɓarna, a bari sai an je Katsina wurin ƙwararru. Wata ya wuce ba a je ba. Yau da safe ta ɗauki mayafi ta shiga mota ta zauna, ta ce ko ya kai ta Dutsin-Ma ko ta kira direban haya ya ja motar.

Yana ajiye ta ya ce zai je masallaci. Ko azahar ba a kira ba.

Ɗayyabu ya yanka kuɗin aiki, ta raba biyu ta ce ba ta ƙara ko sisi. Ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin mai neman taimako da tsare gida irin haka ba. Ta ce ba taimako ta zo nema ba, aiki ta kawo.

Ya duba fiyus, lafiya lau. Ya kwance allon gaban rediyon, ya zaro rediyon daga raminsa, ya haska bayansa da tocila. Can ya jawo wani jan zaren wuta ya ɗaga shi a rana, an yanke shi tsaf.

"Ɓeran gidanku da reza yake yawo, Hajiya?"

"Ni dai ka haɗa. Surutu bai cikin cinikinmu."

Ya fere bakin zaren, ya murɗe, ya naɗe da baƙin salatif. Ya murɗa makulli. Allon ya kawo haske, labaran rana suka cika shagon. Hajiya ta dafe ƙirji, ta matso har mayafinta na jan ƙasa.

"To fito min da shi."

Ɗayyabu ya shiga lalube. Ya duba ramin filashi, wayam. Ramin memori, wayam. Ya bi duk wani lungu na allon, har taswirar hanya ya buɗe, ba komai sai layin Kurfi zuwa Zobe da marigayin ya saba bi. Zufa ta jiƙe masa wuya.

"Hajiya, wannan ba ya ajiye magana. Baki ne kawai gare shi. Abin da kika ji daga wayar Alhaji ya fito. In wayar na kusa, kamar taku goma, da kansu suke gane juna, ya ci gaba da abin da aka saurara a ƙarshe. Ina wayar?"

Sai da ya sake tambaya ta ce tana ƙarƙashin ruwan Zobe.

Ba ta yi kuka ba. Ba ta yi a gaban dangi ba, balle a gaban mai gyara. Ta kwance bakin zane ta biya shi cif yadda suka yi, ta shiga gidan gaba ta zauna tana kallon allon da ba ta iya karanta komai a kai. Ita duk karatun boko abu ɗaya ta sani, sunan mijinta, shi ma don ya daɗe a rubuce jikin buhunan hatsinsa. Ɗayyabu ya bar rediyon a kunne, ya ce ya ɗan yi aiki a ga ko haɗin ya kama.

Sodangi ya ɓullo daga tsallaken titi, ya tsaya nesa yana leƙe. Ya ɗaga hannu yana tambaya. Ɗayyabu ya girgiza kai, ya ɗaga murya:

"Ba komai ciki, Malam!"

Kafaɗun Sodangi suka sauka. Ya tsallako da sauri yana gyara hula, yana cewa ta yi haƙuri Yaya, haka Allah ya so, shi ma ya so a ce an samu.

Saura taku kaɗan ya kama ƙofa, labaran suka yanke. Rediyon ya yi ƙara sau biyu, ƙit ƙit, sunan nan guda da ta iya karantawa ya fito a kan allo, aljihun rigar Sodangi ya kawo haske, sai ga Alhaji Labaran daga sifiku huɗu yana cewa, "...har mangwaron gabas, na ba Rekiya halak malak."