Notin da Ya Ci Tsatsa

A shekarar fari, gidan Nababa direba babu hatsi, sai tsohuwar akori-kura da boris ɗin tayarta ya lalace. Notin da ke riƙe da tayar ya ci tsatsa, sifana ta kasa kwance shi.

"Da zai kwance, da na je kasuwar Dawanau na samo mana gero," in ji Nababa.

'Yarsa Hure ta saci ragowar man gyaɗa a ɗakin innarta, ta tsiyaya wa notin. Washegari notin ya juya.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar Baba!"

Ya gyara motar, ya loda tabarmarsa, rediyo, har da bargo, ya tafi. Innar Hure ta dube ta, ta ce, "Wa ya aike ki?"

Damina ta zo ta wuce, bai dawo ba. Sannan Hure ta gane tsatsar nan ce kaɗai ta riƙe mata uba a gida.