Hoton Jana'izar Zuru

Yau Zulfa ba ta shimfiɗa wa Haliru tabarmar zance ba. Wayar yayanta ta miƙa masa. Ga hotonsa cikin coci a Zuru, yana ɗauke da akwatin gawar mahaifiyarsa.

"Yaya Armaya'u ya ce wanda ya musulunta da gaske bai shiga wurin ga."

"Shekara shida nika salla masallacinku na Fakku, Zulfa. Uwata ce. Wa zai ɗauke ta?"

Ta sunkuyar da kai. A bayan katanga babura suka riƙa tsayawa, ba wanda ya yi sallama.

"Ke fa, mi kika ɗauke ni?"

Ta ɗago, idonta jajir.

"Musulmi. Amma ba ni za su tambaya ba. Bar babur ɗinka nan, bi ta gona."