Tauraron Oga Zacharias

Ranar Talata da hantsi rediyon Oga Zacharias ya yi "tsit-tsit-tsit", shi kuwa ya kifar da shayi a kan wandonsa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana saman benensa a Maitama, eriya na kallon sama, yana jiran wani tsohon tauraron ɗan'adam na masu sha'awar rediyo, wanda batirinsa ya mutu tun zamanin soja. 'Yan ƙungiyarsu ta masu sha'awar rediyo har sun raɗa wa Oga suna Maigadin Gawa. Ga zaɓen shugaban ƙungiya saura sati biyu, shi ma yana takara, ƙuri'ar da yake da tabbas a kanta kuwa ɗaya ce tal, tasa.

Kafin wandon ya bushe ya gama haɗa bayani. Wai batirin ne ya ƙarasa ruɓewa ya saki layi, wutar faifan sola ta samu hanya kai tsaye. Shi ya sa tauraron ke magana da rana, magariba na yi ya kama bakinsa. Ranar Alhamis hadari ya rufe Abuja, tauraro ya yi gum. Oga ya rubuta wannan ma, ya ja masa layi biyu: ƙarin hujja.

Ya gayyaci ƙungiya ranar Asabar. Aka yanka kaji, aka ɗauko mai hoto.

Sha biyu daidai ƙarar ta cika ɗakin. Philip, shugaba mai ci, cinyar kaza ta tsaya masa a maƙogwaro.

"Baba, awa nawa yake yi yana kukan nan?" in ji Nazeefa, wadda ko wata uku ba ta yi a ƙungiyar ba.

"Safe har yamma, 'yata. Ba hutu."

"Na ɗauka minti goma sha biyar suke yi su wuce."

"Na makarantarku ke nan. Wannan dattijo ne, ba ya gaggawa."

Nazeefa ta ɗauki ƙaramin rediyo da eriyar hannu, ta nuna sama. Ƙarar ta ragu. Ta sauke hannu, ƙarar ta dawo da ƙarfi. Ta bi matakala ta sauka, manyan masana na biye da ita da ƙashin kaza a hannu, Oga na baya yana bayanin yadda duwatsun Abuja ke maido da sauti ƙasa.

A bakin ƙofar gida eriyar ta tsaya, rediyo na tsala ihu. Silas maigadi ya miƙe a firgice.

"Oga, laifi ne? Wuta ba ya zuwa ɗakina, shi ya sa Talata ni ya sayo ɗan sola a Karu, na caji waya. In yana damun baƙi, bari na cire."

Ya sunkuya ya zare wayar daga ɗan akwatin caji, nan take tauraron Oga Zacharias ya mutu karo na biyu.