Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kafa dokar tantancewa, ba a ba kowa aikin gwamnati sai na'ura ta saurari mahaifiyarsa. Shi ya sa Inna Tabawa, wadda ɗanta ke neman aiki, ke zaune a zaure da hantsi, jami'in tsaro ya ajiye ƙaramin akwati mai fitila a gabanta.

"Inna, kada ki yi jinkirin amsa," in ji shi. "In fitilar ta yi ja, ba gaskiya kika faɗa ba ke nan, da ɗanki za mu tafi."

Akwatin ya tambayi makarantun da ya yi, da abokansa, da inda yake sallah. Ta amsa, fitila na kore. Sai ya ce, "Faɗi sunan ɗanki."

Ɗan fari ne. Shekara talatin da biyu kunya ba ta bar bakinta ya furta sunansa ba, "wancan yaron" take cewa. Ta jiyo tarinsa a tsakar gida. Ta runtse ido ta ce, "Mudassir."

Fitila ta yi ja.

Jami'in ya duba, ya sassauta murya. "Ta ce harshenki bai san wannan suna ba."

Ya miƙe tsaye. "Inna, kira mana shi."