Farar Rigar Tatay

Ligaya ta ajiye dutsen guga, ta ɗaga farar rigar ta duba. Ta yi wa mahaifinta yawa yanzu, sai da tela ya rage ta. Yau da yamma unguwarsu a Cavite ta ƙasar Filifin za ta karrama tsofaffin da suka yi aikin sojan ruwan Amurka, kuma ita ce ta yi ta kai gwauro ta kai mari har aka sa sunan mahaifin nata, Eusebio Manalili, a farkon waɗanda za a kira.

Ta san abin da take ƙoƙarin wankewa. Tana 'yar makaranta a San Diego ta Amurka ta gaya wa ƙawayenta babanta matuƙin jirgin yaƙi ne. Alhali a zamanin da ya shiga aikin ta ƙofar sansanin Sangley da ke Cavite, ɗan Filifin ba shi da gurbi sai na hidima: dafa abinci, goge takalman hafsoshi, gyara musu gado. Samari kuwa dubbai suke rububin gurbin, sai a ɗauki 'yan ƙalilan. Ranar da ya zo ɗaukarta daga makaranta sanye da wannan farar riga ta masu hidima, ta sulale ta ƙofar baya. Ya gan ta. Bai taɓa tayar da maganar ba, ita ma ba ta ba shi haƙuri ba, har mantuwa ta zo ta cinye masa kai. Yanzu ko an kira sunansa ba ya waiwayowa.

Ta same shi a baranda, ɗan'uwansa Tiyo Ambo, wato baffa Ambo, yana yi masa aski. Kowace safiya tsohon masuncin yakan ɗaure kwalekwalensa ya zo, don mahaifinta ba ya yarda da reza ko cokali a hannun kowa sai nasa.

"Tatay, ga rigarka," in ji ta. Tatay shi ne baba a yarensu.

Tsohon ya kawar da kai.

"Kawo nan," in ji Tiyo Ambo. "Ke da kika yi digiri, saka wa tsoho riga ya gagare ki? Ɗaga hannu, mai taurin kai."

"To, Kuya," in ji mahaifinta, ya ɗaga hannuwa kamar yaro.

Kuya, wato yaya. Haka yake kiransa tun tana ƙarama, ko da yake takardun mahaifinta sun nuna shi ne babba. Ta ɗauka wasa ne irin na 'yan gida ɗaya.

Ganin Tiyo Ambo ma nauyi yake yi mata. Duk kwalin kaya da suka aiko daga Amurka, nasa ne na fari. Da mahaifinta ya yi ritaya suka dawo gida, sai da ya gina masa ɗaki kafin ya yi wa nasu rufi. Mahaifiyarta ta yi ta mita har ta koma ga Ubangiji. Wata rana ita ma Ligaya ta kasa haɗiyewa, ta ce masa a gaban mutane, "Tiyo, wani ya sha wahalar teku, kai kana zaune kana ci. Ba ka jin kunya?"

Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, 'yata." Washegari ya kawo mata kifi mafi girma a kamunsa. Wannan kifi ya tsaya mata a wuya har yau.

Da la'asar filin ƙwallon kwando na unguwa ya cika. An jera kujerun roba, an ɗaura tutocin ƙasashe biyu, ƙamshin taliyar pansit ya cika wurin. Layin gaba na tsofaffin sojoji ne da 'ya'yansu. Ligaya ta tura mahaifinta can a keken guragu, sannan ta juya ta ga Tiyo Ambo a bayanta da tsohuwar rigarsa ta zuwa coci.

"Tiyo, kujerun gaba an ƙirga su," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa.

"Baya ta fi iska," in ji shi. Ya tafi ya zauna kusa da masu girki.

Shugaban unguwa ya yi jawabi kan samarin da suka bar iyaye da gonaki suka yi wa baƙi hidima don 'ya'yansu su yi karatu. Ligaya ta kama hannun mahaifinta ta ce masa a kunne, "Tatay, ka yafe mini abin da na yi maka a makaranta." Bai ko dube ta ba. Sai waige-waige yake yi, yana neman wani a cikin jama'a.

Aka ɗauko lambar yabo ta farko.

"Eusebio Manalili."

Tafi ya tashi. Ligaya ta kama keken za ta tura, tsohon ya dafe tayoyin da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba. Aka sake kiran sunan. Ta bi inda idonsa ya tsaya. Can a layin baya Tiyo Ambo ya fara miƙewa, sai kuma ya koma ya zauna da sauri, ya sunkuyar da kai.

Mahaifinta ya ɗaga hannu yana yafito shi, hawaye na sauka a kan farar rigar, ya yi magana tiryan-tiryan, irin wadda ya daɗe bai yi ba.

"Kuya Eusebio, kai ake kira. Wancan karon zazzaɓi ya kwantar da kai na tafi da sunanka. Yau lafiyarka ƙalau, tashi ka amsa."