Intabiyun Injin Ban Ruwa

Tun da hantsi Haliru ya kai babbar rigarsa wurin mai bugu, ya tsaya a kansa har aka gama. Da ya dawo gida ya rataye ta, ya ja da baya ya ƙare mata kallo, sai dariya ta kubce masa shi kaɗai. Ranar Alhamis za shi intabiyu a Boɗinga. Shi Haliru mai albasa, wanda ko ƙofar ajin boko bai taɓa leƙawa ba.

Wani kamfani ne ya shigo da ƙananan injinan ban ruwa don manoman fadama. Injinan ba su da laifi, sai dai bayanin tayar da su da Turanci yake, manoma kuwa suka yi ta ƙona su. Shi ne kamfanin ya ce yana neman mutum guda da zai zana hotuna a jikin injin, waɗanda ko wanda bai san bihim ba zai bi ya tayar. Gurbi ɗaya tak, a shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, sabulu da madara suka zama sai mai hanya. Masu takardu har daga Sakkwato suka rubuto.

Haliru bai rubuta komai ba. Ran kasuwar Shagari manajan kamfanin, Alhaji Na'Allah, ya tarar da shi yana kokawa da sabuwar rediyo, ya sa batir a juye, yana ta tsine wa wanda ya ƙera ta. Alhaji ya tsaya kallo, sannan ya tambaye shi ko ya taɓa tayar da injin ruwa. Haliru ya ce shi da jigo ya saba.

"To kai muka biɗa," in ji Alhaji. Ya ce ya zo Alhamis, amma kafin nan kada ya kusanci injin kowa.

Daga ranar ƙafar Haliru ba ta ƙara taɓa ƙasa ba. Ya je wurin Malam Mijinyawa na firamare ya tambayi yadda ake yi a intabiyu. Malamin ya ce a zauna daram, a kalli mutum cikin ido, kuma ban da yawan dariya. Haliru ya aro kujera ya kafa a tsakar gida, ya yi ta gwada kallon cikin ido a kan akuya, har ta gaji ta juya masa baya. Dariyar ce dai ta ƙi hanuwa.

Gari ya ɗauka. Mutanen da a da sai dai su ɗaga masa hannu daga nesa, yanzu har zaure suke sallama, wani da goro, wani da zabi, wani da kwalin sukari. Haliru ya yi godiya, ya mayar wa kowa da abinsa, ya ce a bari sai an ga bayan Alhamis.

Abu ɗaya ne ke rage masa zaƙin abin. Maniru, ƙanen matarsa Rahamatu, shi ma za shi intabiyun. A gidan Haliru ya tashi, da kuɗin albasa ya yi karatun zane a Kaduna, ya dawo ya zauna ba aiki, har iyayen yarinyar da yake nema sun fara sauya fuska. A makon nan Rahamatu ta tuƙa wa mijinta tuwon shinkafa, a lokacin da shinkafa sai gidan wane. Tana ajiye akushin ta ce, "Malam, Maniru dai maraya na, kai ka sani."

"Allah shi ba mai rabo," in ji Haliru, ya kai loma.

Ran Laraba da la'asar Maniru ya shigo da takarda a naɗe, ya durƙusa. Ya ce Yaya ya ɗan duba zanen nan, ko sau ɗaya, don Allah. Yana fara warwarewa Haliru ya runtse ido ya juya fuska bango.

"Naɗe abinka. Mu gamu can."

Maniru ya naɗe takardarsa ya fita. Rahamatu ta ɗaure wa mijinta fuska, ko rigar da ya sa ran Alhamis da safe ba ta yaba ba. Abin ya sosa masa rai, amma yana jin ƙamshin turaren da ya shafa sai murnar ta dawo sabuwa.

Mota ɗaya suka shiga. Maniru na baya ya rungume takardarsa, Haliru na gaba yana ba direba labarin inda za shi, har suka iso Boɗinga bai rufe baki ba.

Harabar kamfanin cike take da samari, wasu da kwat, wasu da laktaye, suna zufa a kan benci. Ga injin nan sabo fil a bakin rijiya. Masinja ya bi layi ya karɓe zanen kowa, ya cakuɗa su. Nan ne fa Haliru ya ɗaga kai. Ya dubi samarin, kowa da uwar da ke jira a gida, ya dubi Maniru, wanda ya sunkuyar da kai. Dariyar da ta ƙi hanuwa mako guda ta ɗauke ɗif.

Sunansa aka fara kira. Ya tashi, rigar na ƙara, ya ratsa ta gaban benci.

Alhaji Na'Allah ya tarbe shi, ya ja masa kujerar tsakiya a bayan tebur, sannan ya fuskanci samarin. "Zanenku duk babu suna," in ji shi. "Wanga bawan Allah bai yi boko ba, bai taɓa tada inji ba. Wanda yab bi zanenai injin yat tashi, shi ad da aiki. Malam Haliru, bismilla, kai aka jira ka zaɓa muna."